Hoton Kabarin Kaka Smilja

Ranar da Isidora ta shigo shagon wankin hoto na Gavrilo a garin Valjevo, baƙaƙen kaya ne a jikinta, katin memori a tafin hannunta. Kallo ɗaya ya yi mata, kofinsa ya huce bai sha ba.

"Hoton kakata za ka fitar min," ta ce. "Kaka Smilja ba ta yarda a ɗauke ta, sau ɗaya tak na same ta tana dariya. Shi za a manna a dutsen kabarinta ranar addu'ar cikar shekara."

Gavrilo ya san na'urarsa ta karanta kati ba lafiya. Wata uku direbanta, manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, yana ɓata hotunan mutane, shi kuma kullum gobe zai sabunta. Halinmu ke nan a garin nan, abin takaici: abu na lalacewa a gabanmu, muna cewa ai yana aiki. Ya zura katin. Hotuna suka fito rabi toka rabi kore, daga nan katin ya ƙi buɗewa.

"Katinki ne ya tsufa," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ta yi kuka, har da gode masa. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya karɓi lambarta da sunan zai sake gwadawa, hira ta zarce.

"Mai hoto, kana cin abinci kuwa? Sai ramewa kake," ta rubuto.

"Zuciyata, ganinki ya ishe ni." Ya aika, kunya ta hana shi sake karantawa.

Mahaifinta Radoslav kuwa Obrad mai gyaran waya yake so ta aura. Ranar da Radoslav ya kai masa katin, Obrad ya duba ya tuntsire da dariya. "Kawu, katin nan sabo ne fil! Na'urar gwanin naku ce ta cinye shi, duk kasuwa an sani."

Saƙon Isidora gajere ne: "Hoto zan iya yafewa. Amma wata biyu ka bar ni ina zargin kaina, Gavrilo."

Washegari ya je gidansu. "Baba, na san na'urar ta lalace tun kafin ta zo. Ƙarya na yi."

"Ka yi ƙarya a kan kabarin uwata, ka zo neman 'yata? Fita!"

A bakin ƙofa ya tambayi Isidora abu ɗaya: yaushe ta ɗauki hoton? Ranar slava, ta ce, bikin waliyyin gidansu, wanda baƙinsa ba sa canzawa shekara da shekaru. Ta lissafa masa su ba tare da ta dube shi ba.

Ya jefar da na'urar, ya manna takardar neman gafara a ƙofar shago, ya shiga bin gidajen baƙin yana neman wanda ya ɗauki Kaka Smilja a ranar. Kowane gida sai an zaunar da shi an kawo kofi, sai ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa. Wata tsohuwa ma ta sa shi ya maimaita, wai ba ta ji ba. A gida na ashirin da uku, cikin bidiyon wani maƙwabci, ga Kaka Smilja a bayan burodin biki tana dariya. Daga ciki ya ciro hoton.

Ranar addu'a Radoslav ya daɗe yana shafa hoton a jikin dutse. Bai juyo ba ya ce wa Gavrilo, "Kai maƙaryaci. Ka aske gemun nan kafin ka kawo iyayenka."

Isidora ta matso. "Raina, yanzu ka ci abinci."

Da lokacin kaka ya kama aka ɗaura aure a cocin unguwa. Radoslav ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu faɗin gaskiya da wuri." Katin hotunan bikin kuwa, amarya ce ta riƙe shi, sai da ta ga an kwafe shi wuri uku ta cire mayafi.