Wasiƙar Gidan Rediyo

Ranar Asabar da hantsi, Umma ta sa babbar 'yarta ta fito da tsohon akwatin maigidan ta shanya a tsakar gida, don yoyon ruwan sama ya jiƙa shi. Yayar Umma, wadda ta zo wuni, tana zaune a kan tabarma tana yanke farce.

Yarinyar tana ware tsofaffin zane-zanen kujeru na babanta, wanda kafinta ne, sai ta ci karo da wata wasiƙa, ta yi tsalle. "Umma! Ashe ke silebriti ce ba mu sani ba? Ji wannan: 'Kin ci intabiyu, ki zo ki fara karanta labarai ranar ɗaya ga wata.' Gidan rediyo fa!"

Umma ta karɓi takardar ta duba. Sunanta ne, kwanan watan kuma shekara goma sha shida da suka wuce, saura mako uku bikinta. Tun tana firamare take naɗe takarda ta yi makirfo da ita, tana karanta wa kajin gidansu labaran duniya. Ta je intabiyun nan, ta jira amsa har ta gaji, ta haƙura a kan cewa muryarta ce ba ta yi musu ba.

"Na faɗa ko ban faɗa ba?" in ji Yaya, tana tafa hannu. "Namiji ba ɗan goyo ba ne! Ya binne miki rayuwa a akwati, ke kuma kina nan kina wanke masa riguna masu garin katako!"

Ana haka maigidan ya yi sallama, fensir maƙale a kunnensa. "Ina 'Yar Labarai tawa?" Haka yake kiranta tun suna saurayi da budurwa. Yana ganin takardar murmushinsa ya ɗauke.

"Baban yara, ka san da wannan?"

"Na sani."

"Kuma kullum ka kalle ni ka ce 'Yar Labarai? Ashe dariya kake mini!"

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Abin da zan iya cewa ke nan."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta figi mayafi, Yaya ta riga ta kai ƙofa, suka nufi gidan mahaifiyarsu.

Kwana uku Umma ta yi a ɗakin Inna, ba ci, ba hira. Takan kwanta ta yi ta hasko wata mace mai kama da ita, zaune a sitidiyo, duk gari ya yi shiru yana sauraronta. Sai kuma ta tuna yadda kafintan nan ya goya ta har bakin titi ranar da naƙuda ta kama ta, ta rasa wanne za ta yi wa kuka. Kullum da la'asar yakan zo ya durƙusa ya gaida Inna, ya ajiye lemo, ya tafi. Yaya kuwa sai zuga take: "Kada ki koma sai ya zo da manyansa!"

A rana ta huɗu, ya miƙe zai tafi ke nan, Inna ta ce, "Zauna, ɗana. Ke kuma fito." Da Umma ta fito, Inna ta ce, "Bawan Allah nan bai ɓoye miki komai ba. Ni na ɓoye."

Yaya ta saki baki. "Inna!"

"Rufe mini baki, ke da ba ki taɓa ganin wuta kin zuba ruwa ba." Ta juya ga Umma. "Takardar nan gidan nan aka kawo ta. Lokacin babanku yana kwance, ke kaɗai kike iya sa shi ya sha magani. Aikin kuma a wani gari ne mai nisa. Na ji tsoro, na cusa ta a ƙarƙashin katifa. Bayan rasuwarsa abin ya hana ni sakat, na kai wa mijinki, na ce ya ƙona ta, na kuma sa ya yi mini alkawarin ba zai faɗa ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya roƙe ni in gaya miki da bakina. Kunya ta hana ni."

Umma ta juya ga mijinta. "Ka tsaya ina zarginka a gaban 'yarka, ka yi shiru?"

"Fushinki da ni zai wuce," ya ce a hankali. "Amma in kika ƙullaci Inna, wa zai ba ki wata uwar? Ƙonawa kuma na kasa, don shaida ce cewa sun ji muryarki sun so ta."

Umma ta faɗa jikin Inna, suka yi ta kuka tare. "Na yafe, Inna. Da na tafi, da ba a hannuna Baba ya cika ba." Yaya ta sulale ta shiga kicin, wai za ta duba tukunya, alhali ba a ɗora komai ba.

A hanyar gida maigidan ya yi gyaran murya. "Akwai wani sabon gidan rediyo da na yi wa tebura. Suna neman mace mai hankali da za ta riƙa shirin iyaye mata."

"Ni da 'ya'ya huɗu da furfura biyu?"

"Uku ce, na ƙirga. Ai rediyo ba a ganin furfura."

Ta kai masa duka da gefen mayafi, tana dariya.

Ba ta zama mai karanta labaran duniya ba, wannan jirgin ya riga ya wuce. Amma duk Laraba da ƙarfe huɗu akan ji muryarta na rabin awa, kuma a wannan lokacin babu mai taɓa zarto a shagon kafinta. Ko mai sayen gado ne ya zo, sai ya zauna ya jira.

'Yan'uwa, kada mu yanke wa masoyi hukunci da zugar bakin wani, domin wani shirun rufin asiri ne, ba cin amana ba. Abin da Allah ya rubuta naka ne, ko ya yi jinkiri, zai same ka, kuma mai haƙuri ba ya taɓewa.