Hatimi Mai Gida Tara

"Ɗauki ki karanta mana."

Hajiya Daso ta turo takardar da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai ture ƙazanta. Rumasa'u ta duba. Tata ce. Da'ira ce, layuka sun ratsa juna a cikinta, lambobi daga ɗaya zuwa tara sun kewaye ta. A kan tara sunanta. A kan uku sunan Iliyasu. Kibiya ta taso daga nata ta nufi nasa.

"A ina aka samo ta, Hajiya?"

"Au! Ni za ki tuhuma?"

"A jakarki na gani, ranar sunan gidan Anti Larai," in ji Kubura. "Kwalli nake nema... wallahi har jikina sai da ya yi rawa."

Lahadi ce bayan la'asar, cikin Satumbar 1986, a gidan Dokta Hudu da ke garin McLeansville a Amurka. Hajiya Daso mahaifiyar Dokta ce, kuma gwaggon Iliyasu. Ita ce uwarsa a ƙasar nan. Saura sati biyu a kai sadakin auren Iliyasu da Rumasa'u wurin yayanta. Kubura ƙanwar matar gidan ce, kuma ta daɗe tana cika wa Iliyasu faranti fiye da na kowa.

"Shekara talatin na yi aure a gidan malamai," in ji Hajiya. "Na san hatimi in na gan shi. Gida tara, sunan mace, sunan namiji, ga kibiya an harba. Wa ya rubuta miki? Har a Amurka kun tono boka?"

Iliyasu yana tsaye jikin taga. Bai juyo ba.

A masaƙa ɗaya suke aiki, inda ake yin yadin jins. Shi ne shugaban masu rini na safe. Kakansa babban marini ne a Kura, kowa a masaƙar ya ji labarin, har Turawan suna cewa a jininsa shuni yake. Akwai allo a bakin ƙofa da ake rubuta ɓangaren da ya fi fitar da yadi a mako. Wata biyar sunansa bai sauka daga sama ba.

Ita kuwa a ɗakin gwaji take. Ana kawo mata ƙyalle daga kowane bandir, ta ɗora shi kusa da samfur a ƙarƙashin fitila. In launin ya dace ta sa hannu. In bai dace ba ta mayar.

Tun watan Mayu rinin Iliyasu ya fara dusashewa. Ya ƙara wa injin gudu, zaren ba ya daɗewa a cikin baba. Bambancin kaɗan ne. Amma ta gani.

Ta sa hannu a na farko.

Ta sa a na biyu.

Da rana kuma ya zo ya jingina da ƙofarta yana murmushi.

"Ruma ta, kin ga allo yau?"

"Na gani, Injiniya."

"Saboda ke nake yi, hasken idona."

Sai ta yi murmushi, in ya fita ta sha maganin ciwon ciki.

Misis Odessa ce ta lura. Ba'amurkiya ce baƙar fata daga garin Pleasant Garden, ta kusa sittin, tare suke ɗakin gwajin. Wata rana suna cin abinci ta jawo takarda ta zana da'irar. Ta ce a wani taron cocinsu aka koya musu, an ce musu wai daga Sufaye aka samo.

"Ni dai ban taɓa jin Sufayenmu da shi ba," in ji Rumasa'u. "Kuma ba na son duba."

"Ba duba ba ne, 'yata. Ba ya faɗa miki gobe. Halin mutane ne aka kasa tara, kowa da ƙaryar da ya fi yi wa kansa."

"Tawa wace ce?"

Odessa ta ɗora bakin biro a kan tara.

"Wannan ba ta son tashin hankali. Kowa ta ce masa to. Tana zaton kirki ne. Tsoro ne. Fushin da ba ta faɗa ba sai ya sauka cikinta."

Rumasa'u ta ajiye cokali.

"Uku fa?"

"Shi da yabo yake numfashi. Ya gwammace a ce ya mutu da a ce ya gaza."

"Kibiyar nan?"

"Hanyarki ce. Tara in ta farka sai ta ari abu guda daga uku. Ta tashi ta yi abin da ke gabanta."

Rumasa'u ba ta yarda da zanen ba, har yau ma ba ta ce ta yarda ba. Amma ta rubuta sunayen biyu da hannunta. Ta ninke takardar ta sa a jaka. Duk ranar da ta sa hannu a ƙyallen da bai yi ba sai ta fito da ita, ta duba, ta rubuta lambar bandir ɗin a baya. Ta gane kanta sarai. Ba ta daina sa hannun ba.

"Ke nake jira," in ji Hajiya Daso.

"Ba hatimi ba ne, Hajiya. Abin wurin aiki ne."

Iliyasu ya juyo da 'yar dariya.

"Gwaggo, na san zanen nan. Wata tsohuwa ce a masaƙa take yi wa kowa. Shirme ne kawai."

"To bayan fa, Yaya Iliyasu?" in ji Kubura a hankali. "Juya ka gani. Har hisabi aka buga."

Ya juya takardar.

Lambobi goma sha ɗaya a jere, kowace da kwanan wata.

Dariyar ta ɗauke. Shi ya san su. Da hannunsa ya manna su a jikin yadin. Ya ɗago ya kalli Rumasa'u, ya sake kallon takardar, ya ninke ta.

"A bar maganar nan, Gwaggo."

"Kun gani ko!" Hajiya ta tafa hannu. "Innalillahi! Asirin ya kama shi! Yaron da ba ya raga wa kowa, yau shi ke cewa a bari! To ki saurare ni. Ko ki faɗa min meye waɗannan lambobi, ko kuwa babu sadakin da zai fita ta hannuna. Kuma zan rubuta wa ubansa."

Rumasa'u ta san abin da za ta yi in ta bi halinta. Ta durƙusa, ta ce a yi haƙuri, kuskure ne, ba za ta sake ba. A ƙona takardar, a yi mata tofi. Wataƙila a yi auren, ta zauna da sunan mai asiri har ta mutu. Kalmomin har sun zo bakinta.

Ta kalli Iliyasu. Yana girgiza mata kai kaɗan.

Ta juya ga Hajiya.

"Lambobin bandir ne, Hajiya. Goma sha ɗaya. Rininsu bai kama ba."

"Wa ya rina?"

"Shi."

"Wa?"

"Iliyasu. Ni kuma na sa hannu na ce sun yi, alhali na ga ba su yi ba. Takardar nan ina duba ta ne don in gane abin da ya hana ni magana."

 Kubura ta gyara ɗankwali. Ba wannan ta zo ji ba.

Hajiya ta miƙe tsaye.

"Jikan babana? Rininsa bai kama ba? Ƙarya kike! Gidanmu ko makaho ya tsoma zane sai ya fito da ƙyalli! Iliyasu, ka ce mata ƙarya take!"

 Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Rumasa'u ta same shi a bakin motar, bai shiga ba.

"Injiniya..."

"Kada ki kira ni haka."

"Ka ji abin da aka ce da ni."

"Da asirin ne da ya fi min sauƙi!"

Ya juyo ya kalle ta.

"Wata huɗu, Ruma. Kullum ina zuwa ƙofarki kamar wawa, ina nuna miki allo. Kina murmushi. Ashe kin zauna da baƙuwa kun zana ni a takarda, kun ba ni lamba. Ita kin faɗa mata. Takarda kin faɗa mata. Gwaggo ma yau ta ji. Ni kaɗai ne ban cancanta ba?"

"Gaskiyarka."

"Me ya hana ki?"

"Tsoro. Na ga yadda kake kallon allon nan. Na ce in na taɓa shi za ka daina sona."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ma ina tsoro. Amma gobe zan gaya wa manaja."

"In kika faɗa, ni da ke an gama."

Ta kalli gonar da ke tsallaken titi.

"To," in ji ta.

Litinin ƙarfe tara ta shiga ofishin manaja da lambobin. An dakatar da ita mako guda. An sauke Iliyasu daga shugabanci, aka sa shi ƙarƙashin wani dattijo da ya taɓa koya masa injin. Aka goge sunansa daga allo. Ranar kai sadaki ta zo ta wuce. Yayanta Muntari ya tambaya sau ɗaya, ta ba shi amsa, bai sake ba.

Labari ya iso mata cewa Kubura tana kai wa Iliyasu tuwo gidansa a unguwar East Greensboro kowace Asabar.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ciwon cikin ya tafi. Wani abu ya zauna a ƙirjinta a madadinsa.

"Yaya farkawa?" in ji Odessa ranar da ta dawo.

"Ba daɗi."

"Ai ban ce miki da daɗi ba."

Sati biyar ita da Iliyasu ba su yi magana ba. In sun haɗu a hanyar kantin abinci sai kowa ya kalli bango.

Wata Laraba da hantsi ya shigo ɗakin gwajin, ƙyalle a hannunsa. Ba aikinsa ba ne kawowa. Ya rame. Odessa ta tuna tana da aiki a waje.

"Duba min."

Ta kunna fitila. Ta ɗora shi kusa da samfur. Ta daɗe.

"Bai yi ba."

Ta jira ya fita.

"Ta ina?" in ji shi.

"Gefen hagu. Ya fi haske."

Ya sunkuyo ya duba. Kafaɗarsa ta kusa taɓa tata.

"Haka ne. Matsewar injin ce ba daidai ba." Ya ɗauki ƙyallen. "Na gaya wa Gwaggo da bakina. Ni na ƙara gudun injin, kuma na sani tun ranar farko."

"Me ta ce?"

"Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Jiya ta ce in kawo ki."

"Tuwon Kubura fa?"

"Gishiri ya yi yawa. Na faɗa mata."

"Kai dai ba ka da kirki."

"A wurinki na koya, Ruma ta..." Ya tsaya a ƙofa. "Ban daina sonki ba. Na gwada. Bai yiwu ba."

 Ta rubuta a fom cewa a mayar da bandir ɗin.

Ran Lahadi ta same shi da Hajiya Daso a ɗakin da aka tuhume ta. Kubura ba ta fito ba. Hajiya Daso ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta buɗe akwati, ta fito da wani zane mai duhun shuni, ta shimfiɗa a cinyarta tana shafawa.

"Takardar nan taki har gobe ban yarda da ita ba. Mutum ba lamba ba ne."

"Haka ne, Hajiya."

"Wannan turkuɗi ne. Da za ni taho na saya, mafi tsada a kasuwar. Ban taɓa ɗaurawa ba, ajiye shi nake don babbar rana. Tunda an ce kina da ido, duba ki gaya min."

Rumasa'u ta karɓa. Ta kai shi bakin taga. Ta buɗe ninkin, ta murza gefe, ta shinshina. Iliyasu yana kallon silin. Matar Dokta ta tsaya da tire a bakin ƙofa.

Zanen yana da kyau a ido. Ƙyallin na sama ne kawai. Ciki fari-fari.

Tsohuwar tana kallonta, fuska ba walwala.

"An cuce ki, Hajiya. Sau biyu aka tsoma shi, in ya yi yawa uku. Sauran duk bugu ne."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Hajiya Daso ta karɓi zanen ta jefa cikin akwati.

"Tun a jirgi na gane. Duk wanda na nuna wa a garin nan sai ya ce masha Allah." Ta juya ga Iliyasu. "Kai kuma ka daina kallon sama kamar maraya. Ka gaya wa Muntari Asabar muna tafe da sadaki."