Amsar Da Ta Riga Tambaya

Da hantsi aka kira Sufeton 'yan sanda zuwa makarantar 'yan mata. Kofin gasar muhawara ya yi ɓatan dabo, ga shi da azahar za a yi karon ƙarshe.

Ya tarar da kabad ɗin gilashi a rufe, ba tsaga ba ƙwarzane. Da makulli aka buɗe shi.

"Makulli ɗaya ne, kuma ba ya rabuwa da ni," in ji Shugaban makaranta, yana bugun aljihu.

"Ko sau ɗaya?"

Shugaba ya waiwaya, ya rage murya. "Jiya na mance shi a aljihun tebur. Don Allah, Yallaɓai, kada kowa ya ji."

A bakin ƙofa Iya mai shara ke durƙushe, idanu jajir. Shekara ashirin tana share makarantar, yau an ce in kofi bai fito ba kafin azahar, ta ajiye tsintsiya.

"Iya, kin shiga ofis jiya?"

"Ban shiga ba."

"Amma ƙasan tas yake."

Ta sunkuyar da kai. "Na shiga, ɗana. Tsoro ne. Shara kawai na yi, na goge gilashin."

"Wa ya ce ke ce?"

"Malamin muhawara. Ya yi magana gaban malamai, ni kaina sai da na fara zargin kaina."

Sufeto ya murmusa. Matarsa lauya ce. Shekara goma ana kayar da shi a gardama kan tebur, ya koyi yadda ake sauraron mai zaƙin baki. Ya sa Kofur ya kira Malamin.

Malamin ya shigo yana gyara wuyan riga. Ko zama bai yi ba ya fara.

"Na farko, Yallaɓai, shekara bakwai ina kawo wa makarantar nan kofin nan. Na biyu, ka dubi yarana, tun safe suke kuka." Ya tsaya, ya share ido. Har Kofur ya ja hanci. "Na uku, wani zai ce ai Shugaba ya mance makulli a aljihun tebur, kowa na iya ɗauka. To, wa ke shiga ofishin kullum in ba mai shara ba?"

Sufeto ya tafa sau biyu. Gaskiya abin ya burge shi.

"Kofur, me ka ji?"

"Yallaɓai, tsohuwar ce."

"Bari mu warware jawabin nasa. Na farko ya tallata mana ƙimarsa. Na biyu ya taɓa mana zuciya. Ina hujja?"

Kofur ya ƙirga a yatsu, ya sosa ƙeya. "Babu."

"Ya ce bai ɗauka ba?"

"Bai ce ba."

Sufeto ya juya. "Malam, kuna koya wa yara su tare hujjar abokin hamayya tun bai kawo ta ba, ko?"

"Ƙa'ida ce."

"Madalla. To, zancen makulli a aljihun tebur, ni kaɗai aka raɗa wa. Kai a ina ka ji?"

Malamin ya buɗe baki. Karo na farko a tarihin makarantar, ba abin da ya fito.

"Yana but ɗin motata," ya ce daga bisani. "Yaran bana ba su shirya ba. Na so a ɗage gasar, kada a ɗauke kofin a gabana."

"Shi ne ka jingina wa tsohuwa?"

Kofur ya riƙe hannun Malamin suka nufi mota. A ƙofa Malamin ya waiwayo. "Da ka fara da maganar makullin, Yallaɓai, da ka rage tsawo."

"Ka rubuta min gyaran a caji ofis."

Aka shigo da kofi yana walƙiya, 'yan mata suka ɓarke da shewa, suka yanyame Iya. Shugaba ya matso, ya gyara murya. "Iya, a madadin hukumar makaranta, na farko…"

"A'a, ranka ya daɗe," ta ce, tana dariya tana share hawaye. "Jawabin yau ya ishe ni. Matsa, kan sharata kake tsaye."