Lakar da Aka Musanya a Barale

Da safiyar Talata aka tarar an ɓalle kwaɗon ɗakin ajiya na zauren garin Barale, amma ko tsinke ba a ɗauka ba. Akwatin kwalaben laka yana nan inda aka bar shi.

Baƙo zai yi dariya ya ce wa ke gadin laka. Mu ba mu yi dariya ba. Tun da bututun kamfanin mai ya fashe ya kashe mana rafi, mun sha jelen kotu har takalmanmu suka cinye kafin a yi sulhu. Kamfani zai kwashe gubar, a ɗebi laka a kai ɗakin gwaji, in ta fito da tsabta Mene, sarkinmu, ya sa hannu. Daga ranar bakinmu ya rufu ke nan, babu sauran ƙara har abada. Kwalaben nan su ne za a kai gwaji washegari.

Sufeto Zorbari Nwikina ce ta zo daga ofishin 'yan sanda na Bori. 'Yar garinmu ce, ta girma tana wanke ɗanyen mai daga ƙafarta da kananzir duk ranar da ta dawo daga rafi. Ta duba murafan kwalaben, ta ga an ɓamɓare hatimi an sake liƙawa. Ta buɗe kwalba ɗaya ta shinshina. Babu warin mai ko kaɗan.

Ogansu ya bugo waya. "An ce ba a saci komai ba. Ki rufe maganar ki dawo."

"An saci rafi guda, oga," ta ce, ta kashe wayar.

Dattawa duk sun nuna Kpobari, shugaban matasa, wanda tun farko yake zagin sulhun a kasuwa. Ta same shi yana gyaran babur.

"Kai ka ɓalle kwaɗon?"

"Anti, in ni ne ai wuta zan cinna wa zauren da rana tsaka, kowa ya gani."

"Na sani. Kai ko tusa ba ka iya yi a ɓoye ba."

Ta bar shi. Mai ƙin sulhu ɗanyen mai zai ƙara a kwalba, ba zai cire ba.

Sai Mista Oyedokun, injiniyan aikin kwashe gubar, mutumin Ikko mai farin takalmin roba da bai taɓa ganin taɓo ba.

"Lakar nan mai tsabta riba ce gare ku," ta ce.

"Madam, ni ko kwale-kwale sai an riƙe mini hannu nake shiga."

"A ina ake samun laka marar mai a Barale?"

"In kin gano ki faɗa mini, aikina ya yi sauƙi."

Ba ta wanke shi ba, amma ta yarda bai san wurin ba. Ita ta sani, kamar kowane ɗan garin. Tsibirin kakanni ne kaɗai, can sama inda ruwan teku mai kwaso man ba ya kaiwa, inda ba mai shiga sai da dalili mai ƙarfi.

Ta tuƙa kwale-kwale da kanta, ta cire takalmi a gaɓa. Ga sabon rami nan a cikin laka, da shatin shebur. Gefensa an kafa ɗanyen ganyen kwakwa an ƙulle bakinsa, an kifa kwalbar giyar ogogoro bayan an tsiyaye ta a ƙasa. Haka ake neman izini a wajenmu kafin a ɗauki wani abu daga tsibirin. Da baƙo ne, da ya haƙa ya yi gaba abinsa. Wannan ɗan gida ne, kuma yana tsoro. Wanda ya yi haka kuwa ba zai sa wani abu na cikin ruwa a bakinsa ba sai sabon wata ya tsaya. Ita dai ta fi son a ce baƙo ne.

Da la'asar ta sa aka tara kwamitin sulhu a gidan Mene, har da injiniyan, ta ce a ci abinci tukuna. Aka kawo fufu da miyar isam, ƙananan dodon koɗin nan da a da mata ke tsinta a bakin rafinmu, yau sai an sayo daga wata kasuwa. Ɗaki ya cika da ƙarar tsotso.

Mutum ɗaya ne ya yi shiru: Baridoo, sakataren kwamiti, dattijon coci, ƙanen mahaifiyar Zorbari. Shi da duk Lahadi yake kiran tsibirin aikin shaiɗan. Shi da in yana tsotson isam har maƙwabta sai sun ji. Yana ta juya fufu a hannu.

"Kawu, ba ka ci."

"Cikina ne, 'yar nan."

"Jiya fa na ji ka kammala da akushin doya a gidan biki."

"To, azumi nake."

"Da fufu a hannu?" Kpobari ya jefo daga bakin ƙofa. Wasu suka ƙyalƙyale.

Zorbari ba ta yi dariya ba. Ta tsamo isam guda ta ajiye a gabansa.

"Ka tsotsi wannan kaɗai, Kawu, in durƙusa a gaban kowa in ba ka haƙuri."

Ya dube shi. Hannunsa ya taso, ya tsaya, ya koma cinya.

Ta juya ga Mene ta faɗi abin da ta gani daki-daki: lakar da ba ta wari, ramin tsibiri, ƙullin ganye, kwalbar da aka kifa. "Wanda ya musanya lakar ya san inda mai tsabta take, ya san yadda ake roƙonta, kuma ya san abin da aka hana shi bayan nan. Duk wanda ke ɗakin nan ya ci, ranka ya daɗe, sai mutum ɗaya."

"Rafin nan ya riga ya mutu!" Baridoo ya fashe. "Ko sun kwashe ko ba su kwashe ba, ba zai dawo ba. Mutanen kamfani sun ce za su ɗauki ɗana aiki a Fatakwal. In bar shi ya ruɓe a nan tare da kifin?"

Mista Oyedokun ya fara laluben wayarsa. Zorbari ta miƙa hannu ta karɓe ta ba tare da ta dube shi ba. "Kai ma za mu yi hira a Bori. Gobe kuma da kanka za ka shiga rafi ka ɗebo wata lakar, a gaban matan garin nan."

Mene ya ce babu hannun da zai sa sai an yi hakan.

Da ta fito da ankwa, Baridoo ya ja baya. "Ni za ki ɗaure? Ni da na goya ki? Ai ban yi sata ba, sai da na nemi izini."

Idonta ya cika, amma ta ɗaura masa ankwar.

"Matattu ka nemi izininsu, Kawu. Mu da za mu sha ruwan, wa ka tambaya?"