Baƙin Karen Keji Na Tara

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi a unguwar Abbey Wood, can ƙasar Turawa, tsakiyar lokacin sanyi. Dakta Teema Mijinyawa ta ɗauki bokitin tafasasshen ruwa mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta nufi ɗakin da aka killace karnuka marasa lafiya.

Kwana goma sha biyu ke nan wata sabuwar cuta na cin karnukan wannan gida, inda ake tara waɗanda aka tsinto a titi. Amai, gudawa da jini, sai mutuwa. Goma sha huɗu sun tafi. Masu gwaji sun ce ba su taɓa ganin irin ƙwayar ba. An riga an gaya mata, muddin wani ya sake mutuwa kafin Litinin, sauran ashirin ɗin allurar mutuwa za a yi musu. Ko barci ba ta iya yi.

Ta goge daɓen, ta juye sauran ruwan a magudanar da ke ƙarshen ɗakin, kamar kullum.

Daga cikin ramin wani abu ya yi kuka, siriri, irin na jariri.

Karnukan suka yi tsit. Warin gudawa ya ɗauke, ƙaurin gashi ya cika ɗakin.

Keji na tara babu kowa tun Talata, ita da kanta ta kulle shi. Yanzu ga baƙin kare tsaye a ciki. Duk sanyin nan, ba tururin numfashi a hancinsa.

"Kwana goma sha biyu kina ƙona min 'ya'ya."

Muryar tsohuwa ce, da Hausa, a daidai kunnenta.

"Wallahi ban sani ba, Iya," Teema ta ce da raɗa. "Nawa ma mutuwa suke yi. Ki bar min su, don Allah."

"Cutarku ba tawa ba ce. Miƙo hannun da ya zuba."

Kwaɗon kejin ya faɗi ƙasa.

Ta nemi Ayatul Kursiyyu, harshenta ya ƙi motsi.

Wani abu ya cafke mata wuyan hannun dama. Zafi kamar garwashi. Yana jan ta wajen ramin.

Takalminta na zamewa a jiƙaƙƙen daɓe.

Baba Wahabu, tsohon mai gadin gidan, shi ya banko ƙofa yana salati, ya finciko ta waje ta mayafi. Ya ce shi kejin wayam ya gani.

Karnuka uku suka sake mutuwa ranar Asabar, aka aiwatar da umarnin ranar Litinin. Teema ba ta ƙara taka gidan ba.

A asibiti, nas ɗin da ke wanke mata ƙunar ta daɗe tana juya hannun a ƙarƙashin fitila. Sannan ta ɗago, ta tambaye ta ko akwai jariri a gidansu, don tabon yatsu ne 'yan mitsi-mitsi, guda shida.