Abin da Gwaggo Ta Jiyo Ta Taga

Ƙofa ce ta kawo wani kafinta gidan. 'Yar gidan nas ce, daga ɗakinta take duba marasa lafiya ta waya, ƙannenta kuwa ba abin da ke wuce kunnensu.

"Kafinta, ƙofar da ko tari ba zai fita ba nake so."

"Ranki ya daɗe, ko ihu kika yi ke kaɗai za ki ji abinki."

Aikin yini ɗaya ya ja shi kwana uku. Bayan wata biyar manya suka shiga maganar aurensu.

Wata Laraba aka ɗauke wuta, zafi ya sa ta buɗe taga. Gwaggonsa ta zo gaida mahaifiyar nas ɗin, tana tsakar gida ta jiyo nas ɗin tana waya ƙasa-ƙasa:

"Kwantar da hankalinka. Ba mai ji daga bakina, ko matarka."

Kafin yamma zancen ya isa wurin mahaifinsa. Ya ce a dakata da komai. Gwaggo har ta fara tallar 'yar ƙawarta.

Saƙon kafinta ya shigo wayarta: "Hasken idona, sunansa kawai ki ba ni in rufe musu baki."

"Kafintana, mara lafiya ne. Sunansa amana ce, ko kai ba zan gaya wa ba."

"Ko za a fasa?"

Ta mayar masa: "Ko za a fasa."

Kwana huɗu bai kira ba. A na biyar ya rubuto: "Na yarda da ke. Ki yafe min shirun."

Aka tara gida biyu a falon mahaifinta.

"Buɗe musu wayar aikin su gani, ki huta," in ji mahaifinta.

Ta durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri. Laifina ɗaya ne, na buɗe taga ina aiki. Amma sirrin mutane ba nawa ba ne."

"Kun ji ko?" Gwaggo ta tafa hannu. "Mijin wata ne!"

Kafinta ya miƙe zai yi magana, mijin Gwaggo ya riga shi.

"Mijinki ne. Ni ne." Ya dubi Gwaggo. "Ciwon ƙoda ne, wata uku ke nan. Ina tsoron hawan jininki, na roƙe ta ta yi shiru. Kullum sai ta ce in gaya miki, ni ne na kasa. Na kuma zuba ido ana cin mutuncinta."

Gwaggo ta zame daga kujera ta riƙe ƙafar mijinta tana kuka, sannan ta juyo.

"'Yata, ki yafe ni."

"Ba komai, Gwaggo. Asabar zai koma asibiti, ki raka shi."

Wata guda bayan haka aka ɗaura aure. Mahaifin ango ya dafa kansu su biyu.

"Allah Ya rufa muku asiri, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

"Amin," in ji ango, ya fi kowa ɗaga murya.