Akwai Namu?

Kafin a gina sabuwar tashar Jidda, manyan jiragen ruwa masu hayaƙi can nesa suke tsayawa saboda duwatsun teku, sai kwale-kwale su yi jigilar alhazai zuwa gaɓa. Na'ibi da wannan aikin ya tsufa. Al'adar Hausawan da ke cikin masu kwale-kwalen ce, in sun isa gindin jirgi su ɗaga murya, "Akwai namu?" Duk mai jin Hausa sai ya sauko wajensu.

Da tasha ta buɗe sana'ar ta mutu, Na'ibi ya koma kamun kifi. Wani dare bayan isha'i ya biyo ta tsohuwar matsayar jiragen. Babu komai sai ruwa, amma sabo ya sa bakinsa ya suɓuce, ya yi kiran.

"Akwai," aka amsa daga gefen kwale-kwalen, murya a shaƙe.

Wani mutum cikin farin ƙyalle ya hau ya zauna. Kwale-kwalen ko girgiza bai yi ba, sai dai wani ƙarfe da ya bugi katako.

"Alhaji, wane jirgi ya kawo ka?" in ji Na'ibi.

"Nan ya sauke ni ya wuce. Na daɗe ina jira. Makka da nisa?"

Na'ibi ya ɗaga fitila. Mai harami ba ya rufe kai. Wannan kuwa an naɗe shi har ka, ga ƙarfe ɗaure a ƙafafunsa, irin wanda ake sa wa wanda ya rasu a jirgi kafin a zura shi teku.

"Kada ka ja tukuna, ɗan'uwa," in ji mutumin. "Sauran namu suna hawowa."